Mai Rawar Kai a Bakin Turawa

Ya 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, akwai wani mutum wanda babu ɗaya daga cikinmu da bai san shi ba. Shi ne wanda a kan aika kasuwa sayen gishiri, ya komo da labarin damben da aka yi a bakin mahauta, gishiri kuwa ya baro shi a rumfar mai goro. In ya fara ba ka labarin doki, kafin ya kai ga sirdi ya koma kan tsadar gero. Yana da fara'a, ba shi da mugunta, sau da yawa ma ya fi 'yan'uwansa saurin fahimta, sai dai hankalinsa ba ya yarda ya zauna wuri ɗaya. Mu Hausawa mu kan ce mai rawar kai ne, ko mu ce ba shi da natsuwa. Turawan Ingila kuwa sun tara masa sunaye da yawa, har mai koyon harshensu ya kan rasa wanda zai ɗauka. Ga "scatterbrain", ga "flighty", ga "giddy", ga "silly", ga "harebrained" da "featherbrained", har da wata doguwa mai karya harshe, watau "flibbertigibbet".

Wani zai ce wannan ai zancen nishaɗi ne, me ya kawo shi cikin mujallar masu koyon aikin koyarwa? Dalili shi ne, gobe mu ne za mu riƙa rubuta halin 'ya'yan mutane da Turanci a takardar sakamakon jarrabawa, mu ne kuma za a riƙa kawo wa takardar a ce mu fassara wa uban yaro. Al'adar ɗalibi kuwa, in ya ci karo da baƙuwar kalma, sai ya buɗe ƙamus, ya ga an yi bayaninta da "foolish", ya rubuta "wawa" a gefen littafi, ya wuce abinsa. Ta haka kalmomi goma masu nauyi daban daban su kan koma kalma ɗaya, ita kuwa ta fi su duka nauyi.

Bari mu fara da "scatterbrain", wadda ta shiga littattafai a ƙarni na 18. Kalma biyu aka haɗa. Ta fari ma'anarta watsawa, kamar yadda mace ta kan watsa wa kaji tsaba, ta biyu kuwa ƙwaƙwalwa. Ku lura da kyau, kalmar nan ba ta ce babu hatsi ba. Cewa ta yi hatsin yana warwatse a tsakar gida maimakon ya kasance cikin rumbu. Wanda ya watsar da hatsinsa yana iya sa tsintsiya ya tara, amma wanda bai yi noma ba ba shi da abin tarawa. Haka kuma "flighty", daga tashin tsuntsu aka samo ta, da fari ma sauri kurum ta ke nufi, daga baya ta koma sunan wanda zuciyarsa ke tashi daga wannan reshe zuwa wancan, yau yana son abu gobe ya ƙi shi. "Featherbrained" kuwa mai ƙwaƙwalwar gashin tsuntsu ke nan, wanda kowace iska ta taso sai ta yi gaba da shi.

To, in mun jera waɗannan, sai mu ga duk siffa ɗaya su ke zanawa, watau rashin nauyi da yawan motsi. Turawa suna da wani jeri dabam na wanda ba ya gane karatu, shi kuwa duk nauyi ne da daskarewa. "Dull" dakusasshe ne kamar wuƙar da ta daɗe ba ta ga dutse ba. "Blockhead" mai kan kututture ne. "Stupid" daga harshen Rumawan dā ta fito, watau Latin, inda asalinta ke nufin wanda ya sandare don firgita. Akwai kuma "dunce", wadda labarinta ke da ban tausayi, gama sunan wani babban malami ne, John Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308. Da zamani ya juya a ƙarni na 16, sai masu sabon ilmi suka mai da sunansa abin yi wa mabiyansa ba'a, har ya zama sunan daƙiƙin aji. Ashe dai a wurin Turawa, daƙiƙi da mai rawar kai suna gefe biyu ne na aji, ɗaya ya yi nauyi ya kasa tashi, ɗaya ya yi sakayau ya kasa sauka. Maganin wannan kuwa ba zai yi wa wancan ba.

Wannan siffa ba baƙuwa ba ce gare mu, mu da muka fara da allo kafin boko. Masana sun ce kalmarmu ta hankali daga Larabci ta zo, daga "aƙalu", Larabawa kuwa sun cire ta daga tushe ɗaya da igiyar da a ke yi wa raƙumi dabaibayi. Watau a ganinsu hankali shi ne abin da ke ɗaure mutum kada ya bazama. Kalmar "safihi" kuma, wadda mu kan gamu da ita a littattafan fiƙihu, ita ce sunan wanda ke almubazzaranci da dukiyarsa har a hana shi taɓa ta a naɗa masa waliyyi, kuma malaman lugga sun ce asalin ma'anarta rashin nauyi. Balarabe ya ga raƙumi ba dabaibayi, Bature ya ga tsuntsu, Bahaushe ya ga kai yana rawa kamar na ƙadangare. A ganinmu tamu ba ta kasa tasu ba ko kaɗan.

Amma akwai inda kamannin nan ke zama tarko. Kalmar "fool" kanta daga Latin ta ke, daga sunan jakar fata mai cike da iska, irin zugazugin maƙeri. Mutanen Amurka kuwa, a wajen shekarun 1970, suka fito da "airhead", watau wanda babu kome cikin kansa sai iska. A wurinsu kalmar wasa ce mai ɗan raini, abokai su kan jefi juna da ita. To, a ce wani mai gaggawa ya fassara ta kalma da kalma, ya ce wa dattijo ɗansa ɗan iska ne, me ku ke tsammani zai auku a gidan nan? Iska a bakinmu ta wuce wadda ke kaɗa ganye. Tana nufin aljan, tana kuma nufin lalacewar hali, kowacce aka ɗauka kuwa ba abin faɗa wa uba ba ce.

Turawa ma a dā sun yi irin wannan tunani na iskoki. A tsohon Turanci, wanda a ke yi kafin Normawa su ci Ingila a 1066, "giddy" tana nufin mahaukaci, tushenta kuwa ɗaya ne da kalmarsu ta abin bauta, watau wanda wani abin ɓoye ya shiga jikinsa. Daidai ta ke da majnuni na Larabawa, da taɓaɓɓe namu. Yau kuwa ta yi sanyi ƙwarai. Ma'anarta ɗaya jiri, kamar na yaron da ya yi hajijiya, ɗaya kuma zumuɗin wanda murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya. 'Yar'uwarta "dizzy" ita da wauta ta fara, sa'an nan ta koma jiri. Saboda haka wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a rubuce, sai ya duba ko maganar ciwo a ke yi ko ta hali, don kada a kai yaro asibiti alhali nasiha ya ke bukata, ko a yi masa faɗa alhali kansa ne ke juyawa.

Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce "silly", ga ta kuwa ita ce ta fi yawo a bakin malamai. A tsohon Turanci ma'anarta mai albarka, mai rabo. Har yanzu 'yar'uwarta tana nan cikin Jamusanci, "selig", ba ta rabu da ma'anar albarka ba. Daga mai albarka sai ta koma mai tsarkin zuciya wanda ba ya cutar kowa. Daga nan ta koma abin tausayi, daga abin tausayi ta koma rarrauna, kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta iso inda ta ke yau. Kowane taki ƙarami ne, ba wanda ya ji sa'ad da aka yi shi, amma da aka haɗa su sai ga yabo ya zama zargi. Kada mu yi wa Turawa dariya a kan wannan, gama mu ma muna tsakiyar irin wannan tafiya. In an ce wane bawan Allah ne, sai ka saurari muryar mai magana kafin ka san abin da ya ke nufi. Wata sa'a mutumin kirki a ke nufi mai tsoron Ubangijinsa, wata sa'a kuwa, in an ɗan ja kalmar an girgiza kai, cewa a ke yi kowa na iya cutarsa a ciniki. "Daft" ma haka ta yi, da tawali'u ta fara. "Nice" kaɗai ce ta yi tafiyar baya: daga Latin ta fito da ma'anar wanda bai san kome ba, ta daɗe tana nufin wawa a Ingila, yau ga ta ita ce kalmar yabon kowane abu mai daɗi.

Ita "silly" ta yau, aiki ta fi kamawa bisa ga mutum. Malami ya kan kira kuskuren lissafi da ita in ya tabbata yaron ya san amsa, garaje ne kurum ya kai shi. Uwa ta kan faɗa wa ɗanta ita tana murmushi. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne shirme, ko shiririta. Wawanci da sakarci sun yi mata nauyi, gaɓo da dolo kuwa ba su ma hau hanyarta ba.

Sai dabbobi. Tun ƙarni na 16 Turawa ke cewa "harebrained", mai ƙwaƙwalwar zomo, yawanci kuwa dabara su ke siffantawa da ita, wadda aka ƙulla ba tare da tunanin ƙarshenta ba. Suna kuma da karin magana a kan haukan zomo a watan Maris, domin lokacin nan ne a kan ga zomayen ƙasarsu suna tsalle suna dambe a fili. Masu binciken dabbobi sun gane cewa yawanci macen ce ke korar namijin da ya dame ta, ashe haukan nan yana da dalili. Ɗan Bahaushe da ya tashi da tatsuniya ba zai ɗauki wannan kalma da sauƙi ba, tun da ya ke zomonmu mai wayo ne mai mutunci, shi ne a ke cewa ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Wautar daji a wurinmu kura aka ba. In muna koyar da kalmar nan, sai mun fara gaya wa yara cewa zomon Bature da namu ba halinsu ɗaya ba, in ba haka ba su ɗauka yabo ne. Suna kuma yi wa dinyar gida kallon shashasha, suna kamanta mai tsalle daga wannan sha'ani zuwa wancan da malam-buɗe-littafi. A ƙarni na 20 suka ƙaro "birdbrain", mai ƙwaƙwalwar tsuntsu, amma tsuntsaye sun ƙaryata su, gama a 2002 masana a jami'ar Oxford suka ba da labarin wata hankaka, irin ta wani tsibiri na tekun Fasifik, wadda ta lanƙwasa waya ta yi ƙugiya, ta jawo ɗan gugan abinci daga cikin bututu.

Doguwar nan, "flibbertigibbet", ba daga Latin ta zo ba, kwaikwayon ƙarar surutu ne kurum, kamar yadda shashasha tamu ke nuna ma'anarta tun daga jin ta. Da fari sunan mai yawan surutu da tsegumi ce. A 1603 wani limamin cocin Ingila, Samuel Harsnett, ya buga littafi yana sukar masu da'awar fitar da aljannu, ya jera sunayen aljannun da suka ce sun fitar, wannan tana ciki. Daga littafinsa Shakespeare ya ɗauke ta ya sa a wasan Sarki Lear, a bakin Edgar, ɗan babban gida wanda ya ɓad da kama ya zama mahaukacin maroƙi. A 1821 Walter Scott ya mai da ita laƙabin wani yaro mai ƙiriniya a littafinsa Kenilworth. A fim ɗin The Sound of Music na 1965 kuwa, da ita matan zawiyar Kirista suka siffanta wata budurwa da ta gagare su natsuwa. Dubi tafiya, daga magulmaci zuwa aljan, daga aljan zuwa yaro, daga yaro zuwa budurwa.

A nan akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. In ka bi kalmomin nan a littattafai, sai ka tarar "flighty" da "flibbertigibbet" da "featherbrained", da "ditzy" ta mutanen Amurka, mata aka fi liƙa wa. Babban malami namiji in ya fita da takalmi kala biyu, ko ya manta inda ya ajiye tabaronsa alhali yana kan hancinsa, suna da wata kalma mai ladabi dominsa, "absent-minded", watau hankalinsa ya yi tafiya zuwa wani muhimmin wuri. Mantuwar ɗaya ce, sunan ne aka raba. Mu dai ba mu yarda da wannan rabo ba. Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta goya ƙanenta kafin ta iso makaranta, wadda in ta ɗauki talla da yamma ba ta ɓad da ko kwabo a canji, in ta manta fensirinta ba kan gashin tsuntsu gare ta ba. Wanda zai koyar a ajin 'yan mata ya san cewa harshen da ya koyo ya zo da son kansa a ciki, kamar yadda namu ma ke da nasa.

Akwai kuma wanda jikinsa ke zaune shiru amma zuciyarsa ta tafi. Wannan su kan ce yana "woolgathering", kalma ce ta ƙarni na 16. Tumakin Ingila masu ulu ne, ba kamar namu masu gashi ba, in sun ratsa shinge sai ƙaya ta riƙe 'yan guntayen ulu, matalauta su bi suna tsinta, kamar masu kalar gyaɗa bayan an cire amfani. Yawo ne mai yawa, riba kaɗan. Mu kuwa mu kan ce yana saƙe-saƙe, ko saƙa da warwara. Su suna tsintar ulun, mu muna saƙa shi.

To, mu komo ga takardar sakamako. A ƙasar nan da Turanci a ke rubuta ta, iyaye da yawa kuwa wani ke karanta musu. A ce malami ya rubuta cewa yaro "scatterbrained" ne, yana nufin yana da kai sai dai a tara masa shi. Mai fassara ya ce, "Malam ya ce ɗanka wawa ne." Uba ba zai nemi ƙamus ba. Mai zafin zuciya bulala zai ɗauka. Mai sanyin zuciya kuwa zai yi lissafi, ya ga ga kuɗin littafi ga kuɗin tufafi, ga gona tana neman hannu, ya ce tun da kan ba ya ja a bar wahalar da shi. Yaron kuma ya ji abin da aka kira shi a gaban 'yan'uwansa, sunan ya bi shi dandali. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Malamin da ya rubuta kalmar yana can bai san abin da ta haifa ba, sai dai ya ga benci ya ragu da mutum ɗaya.

Har wa yau, rawar kai iri iri ce, kalma ɗaya ba ta faɗin dalilinta. Yaron da ya fito gida bai karya ba, da wanda zazzaɓin cizon sauro ke cin jikinsa, da wanda kunnensa ba ya ji sosai ko idonsa ba ya hango allo daga baya, da wanda a ke yi wa darasi da harshen da bai gane ba tukuna, dukansu za ka gan su suna waige-waige suna wasa da fensir. Akwai kuma wanda halittarsa ce haka. Likitoci sun daɗe da lura da wannan. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya rubuta a 1798 a kan mutanen da ba su iya tsai da hankali a kan abu ɗaya, ya ce a wurin waɗansu tun suna ƙanana a ke ganin alamar. A 1902 George Still ya yi lacca uku a Landan a kan yara masu irin wannan hali. Yau likitoci suna kiran larurar da haruffa huɗu, ADHD, suna kuma da hanyoyin taimakon mai ita. Malami ba likita ba ne, ba aikinsa ba ne ya sa wa yaro sunan cuta. Amma yana iya dawo da shi bencin gaba, ya gutsura masa aiki kaɗan kaɗan, ya sa shi share allo ko rarraba littattafai don ƙafarsa ta sami abin yi, ya tambaye shi ko ya ci abinci.

Mu dai a namu ra'ayi, kalmomin nan na karatu ne da hira, mu san su sarai don mu ji daɗin littattafai, mu kuma gane in an jefe mu da su. A takardar da za ta shiga gidan mutum kuwa, gara a rubuta abin da yaron ya yi: ya manta littafinsa sau huɗu a wannan zango, ba ya ƙarasa rubutu, amma a lissafin ka babu mai riga shi amsa. Wannan ko wa ya fassara ba zai ɓata ba. In kuwa wani ne ya riga ya rubuta kalmar aka kawo mana, sai mu zaunar da dattijon, mu gaisa, mu ce, "Baba, malaminsa ya ce yaron nan yana da kai ƙwarai, rawar kai ce kurum ta yi masa yawa. Da safe ya kan karya kafin ya fito? In an kira shi daga ɗaka ya kan ji?"